Yadda ake gwada tasirin dayilektirik a kan kafasita mai faranti biyu

Duk kafasitar da ka gani, tun daga 'yar mitsitsiyar da ke cikin wayar hannu har zuwa wadda masu gyaran fanka ke kira kondensa, ƙirarta ɗaya ce a asali: faranti biyu na ƙarfe suna fuskantar juna ba su taɓa ba, sai wani abu da wuta ba ta bi ta cikinsa a tsakaninsu. Wannan abin tsakanin shi ne dayilektirik. Yana iya zama iska, takarda, leda, gilashi ko tangaran. Idan aka bar farantan yadda suke aka canza shi kaɗai, yawan cajin da kafasitar ke riƙewa yana ƙaruwa, wani lokaci ninki biyu, wani lokaci ninki dubu. Ana iya tabbatar da haka a kan teburin karatu da kayan da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba, amma lambar farko da mita za ta nuna da wuya ta zo daidai da ta littafi, kuma sanin dalilin hakan shi ne rabin aikin.

Lissafin da za a riƙe

C = ε₀ × εr × A ÷ d

C shi ne ƙarfin ajiyar caji, ana auna shi da farad. Harafin A shi ne faɗin wurin da farantan biyu suka fuskanci juna, a murabba'in mita, ba faɗin kowane faranti shi kaɗai ba. d ita ce tazarar da ke tsakaninsu, a mita. ε₀ lamba ce da ba ta canzawa, 8.85 × 10⁻¹² farad a kowace mita. εr kuwa ita ce lambar dayilektirik, tana faɗin sau nawa abin tsakanin ya ninka ƙarfin ajiyar idan aka kwatanta da sarari marar komai. Michael Faraday ya auna wannan ninkin a 1837, yana kwatanta kafasitoci biyu masu girma ɗaya, ɗaya da iska ɗaya da wani abu daban a ciki.

Sarari marar komai lambarsa 1, iska 1.0006, wato a aikace ana ɗaukarta 1. Ledar foliyetilin, irin wadda ake zuba kaya a kasuwa, tana wajen 2.3, folifirofilin 2.2, man taransifoma 2.2, kakin kyandir kaɗan sama da 2. Takarda tana tsakanin 2 da 4 gwargwadon matsewarta da danshinta. Foliyesta tana wajen 3.2, maika tsakanin 5 da 7, gilashin taga wajen 7. Ruwa a digiri 20 yana da 80. Tangaran da aka haɗa da bariyom titanet yana wuce 1,000.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. A cikin leda ko gilashi, ilektiron ba sa iya barin ƙwayoyinsu su yi tafiya kamar yadda suke yi a wayar tagulla, amma suna iya ɗan gocewa daga wurinsu. Da an caja farantan, ɓangaren negatif na kowace ƙwaya sai ya karkata wajen faranti mai fozitif, ɓangaren fozitif ya karkata wajen ɗayan. A tsakiyar abin, waɗannan cajin suna kashe juna. A fuskokinsa biyu ne kawai ake samun siririn caji da ya rage, kuma kowanne kishiyar cajin farantin da ke kusa da shi ne. Wannan yana raunana filin lantarkin da ke tsakanin farantan, boltej ya sauka alhali cajin farantan bai ragu ba. Tunda C = Q ÷ V, wato caji (Q) a raba da boltej (V), saukar V na nufin hawan C. Ƙwayar ruwa dama can gefe ɗaya nata fozitif ne ɗaya negatif, juyawa take yi gaba ɗayanta ta bi filin, shi ya sa lambarta ta kai 80. Ƙwayar leda ba ta da wannan rabuwar, ɗan gocewar ilektiron kawai take da shi, sai ta tsaya a 2.3.

Kaya da haɗawa

Ana buƙatar foyil na alminiyum irin wanda ake naɗe kifi ko kaza, katako biyu masu santsi da ba su lanƙwashe ba, salatef, wayoyi biyu gajeru masu kilif mai bakin kada, rim biyu na takardar A4, da mitar da ke auna kafasita. A kan mita ake yawan yin asarar kuɗi. Ƙananan mitocin nan mafi araha galibi ba su da wurin auna kafasita sam, wasu kuma suna da shi amma daga maikirofarad suka fara. Kafin ka biya a wajen masu sayar da kayan gyaran lantarki a Sabon Garin Zariya, juya makunnin ka ga akwai matakin 2 nF (nanofarad) ko 20 nF, sannan ka sayi 'yar kafasita mai lamba 102 ka gwada a gaban mai shagon. Lamba 102 na nufin 1,000 pF (fikofarad), wato 1 nF. 103 na nufin 10 nF. 104 kuwa 100 nF. Wanda ke da damar shiga ɗakin gwajin Fiziks ko na Injiniyan Lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli, ya nemi mitar LCR, wadda ita ma ke auna kafasita, ya saita ta a 1 kHz, ya bar ta a nan har ƙarshen gwajin.

Yanke foyil biyu, kowanne santimita 15 da 20, ka bar wa kowanne ɗan harshe mai tsawon santimita 6 a gefe ɗaya. An zaɓi wannan girman ne don takardar A4, mai santimita 21 da 29.7, ta rufe shi har ta yi saura ta kowane gefe. Shimfiɗa kowane foyil a kan katakonsa, ka goge shi da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki har ya kwanta sumul, ka manne bakin kawai da salatef. Kada salatef ya yi kauri ko ya hau kan juna, don duk tudun da ya yi tazara ce ka ƙara. Harsunan biyu su fito ta ɓangarori masu kishiyantar juna. Kada ka ɓata lokaci wajen liƙa waya da dalma, ba ta kama alminiyum saboda siririn tsatsan da ke rufe shi. Ninka harshen sau biyu ka kama da kilif.

Wanda ya samu tsofaffin farantan alminiyum da maɗaba'u ke cirewa bayan sun gama bugu, sun fi foyil nesa ba kusa ba, don ba sa yamutsewa. Bayan farantin ake amfani da shi, ba fuskar da aka yi bugu da ita ba, kuma sai an goge bakin da aka yanka da sanfefa, in ba haka ba ƙayar ƙarfen za ta huda takarda ta haɗa farantan.

Faɗin farantan ya zama 0.03 na murabba'in mita. Idan aka ninka shi da ε₀, za a samu lamba mai sauƙin riƙewa: 266 pF idan iska ce a tsakani kuma tazarar milimita 1 ce. Daga nan duk lissafin da za ka yi shi ne ka ninka 266 da εr, ka raba da kauri a milimita.

Kaurin takarda ba sai da ma'aunin sukuru ba. Auna kaurin rim ɗin da ba a buɗe ba da rula, ka raba da 500. Takarda mai giram 80 takan ba da wajen santimita 5, wato milimita 0.1 kowace. Haka za a yi wa fefen roba mai haske da masu fotokwafi a Samaru da Kongo ke sa wa a bangon furojet: a auna fakitin a raba da yawan da ke ciki.

Kafin kowane awo, abu uku. Taɓa harsunan biyu da waya ɗaya don sauke duk cajin da ya maƙale. Sa mita a ma'aunin om ka tabbatar farantan ba su haɗu ba. Sannan ka koma ma'aunin kafasita, ka cire kilif ɗaya ka bar shi a kusa da harshen, ka karanta abin da wayoyin kaɗai ke bayarwa. Yakan kai gomman fikofarad. Idan mitar na da maɓallin REL, mai mayar da lambar sifiri, danna shi, in babu rubuta lambar ka riƙa cirewa. Daga nan kada ka sake motsa wayoyin, kuma ka janye hannunka kafin ka karanta, don jikin mutum ma yana shiga lissafin.

Inda lambar ke ɓata

Sa takarda ɗaya a tsakani, ka kife katakon sama daidai saitin na ƙasa, ka ɗora rim biyu a kai, nauyinsu wajen kilo 5. Idan εr ta takardar 3 ce, lissafi ya ce 266 × 3 ÷ 0.1, kusan 8 nF. Mita za ta nuna abin da bai kai haka ba, sau da yawa ma bai kai rabi ba. Danna katakon da tafin hannu, za ka ga lambar tana hawa. Saki, ta sauko.

A nan gizo ke saƙar. Foyil bai taɓa kwanciya a jikin takarda ɗari bisa ɗari ba, akwai siririyar iska a sama da ƙasa. Iskar da takardar suna jere ne ɗaya bisa ɗaya, kamar kafasita biyu da aka haɗa a jere, kuma a irin wannan haɗin ƙaramar ce ke jan jimillar ƙasa. Hanyar lissafawa ita ce a raba kaurin kowane sashe da lambarsa sannan a tara. Takarda: 0.1 ÷ 3, wato 0.033. Iska mai kaurin milimita 0.05 kacal, wadda ido ba ya gani: 0.05 ÷ 1, wato 0.05. Jimilla 0.083, sai 266 ÷ 0.083 ya ba da 3.2 nF a maimakon 8. Iskar da kaurinta rabin na takardar ne ta fi takardar tasiri. Ɗalibin da ya ɗauki 3.2 nF ya juya lissafi zai fito da εr ta takarda 1.2, ya rubuta a rahoto, alhali ba takardar ya auna ba.

Maganin ba ƙara nauyi ba ne kawai, ko da yake dole nauyin ya zama ɗaya a duk awon. Maganin shi ne a auna da kauri daban-daban a bar lissafi ya ware iskar. Auna da takarda 2, 5, 8, 10, 15, ka zana giraf, yawan takarda a kwance, 1 ÷ C a tsaye. Layin zai fito miƙaƙƙe amma ba zai bi ta sifiri ba. Gangararsa ita ke ɗauke da εr, inda ya yanki layin tsaye kuwa shi ne iskar da ke jikin farantan.

Ga misalin lissafi. A ce takarda 5 sun ba da 1.20 nF, takarda 15 sun ba da 0.47 nF. Kifa su, wato ka raba 1 da kowacce: 0.833 da 2.128. Bambancin 1.295 ne a kan takarda 10, wato 0.1295 a kowace takarda. Ninka da 0.266, wanda shi ne 266 pF ɗin nan a nanofarad, ka samu milimita 0.0344. Wannan shi ne kaurin takarda ɗaya bayan an raba shi da εr, don haka εr = 0.1 ÷ 0.0344, kusan 2.9. Idan ka koma ka cire rabon takarda 5, wato 5 × 0.1295, daga 0.833, saura 0.186, wanda ya yi daidai da iska mai kaurin milimita 0.05. Ka lura cewa tsakanin takarda da takarda ma akwai ɗan iska da wannan hanya ba ta cirewa, saboda haka lambar da ka samu ta tarin takardar ce, tana ɗan ƙasa da ta zaren takardar kansa.

Leda haka ake bi da ita, sai dai ta fi wahala, don tana miƙewa kaurinta ya canza kuma tana kama kumfar iska. Yanka falle da yawa daga leda ɗaya, ka shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya kana shafewa. Fefen bangon furojet ya fi ta ladabi, kuma ko na PVC ne ko na foliyesta, lambarsa takan faɗo a kusa da 3.

Gilashi ya fi kowa ba da amsa mai tsabta, kuma dalilin kaurinsa ne. Sa mai yankan gilashi ya yanka maka santimita 20 da 25, ya goge bakin. Mai kaurin milimita 4 zai ba da 266 × 7 ÷ 4, wajen 465 pF. Da iskar nan ta milimita 0.05 zai sauka zuwa 428 pF, kuskuren kashi 8 cikin ɗari kawai. A ganina malamin da ke da awa ɗaya a aji ya fara da gilashi, ya bar takarda ta zama darasi na biyu. Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa: gilashi ya ninka takarda a εr fiye da sau biyu, amma takarda ɗaya ta ba da ƙarfin ajiya da ya ninka nasa sau da yawa. Kauri ne ya yi wannan aikin.

Rabi gilashi, rabi iska

Wannan tambaya ce da ake yawan samu a jarrabawa, kuma gwada ta ba wuya. Roƙi mai gilashin ya ba ka guntaye huɗu daga gilashin milimita 4. Ajiye su a kusurwoyin katakon ƙasa, a wajen foyil, ka ɗora ɗan guntun takarda a kan kowanne don babban gilashin ya samu shiga da fita, sannan ka kife katakon sama. Da iska zalla lissafi ya ce 66 pF. Za ka ga abin da ya ɗara haka da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, saboda filin lantarkin yana lanƙwasowa ta bakin farantan, abin da lissafin bai kula da shi ba. Yawan tazarar, yawan wannan ƙarin.

Tura gilashin a hankali har ya rufe rabin faɗin. Yanzu kana da kafasita biyu gefe da gefe, ɗaya ta iska mai 33 pF, ɗaya ta gilashi mai 232 pF, kuma irin wannan haɗin tarawa ake yi: wajen 265 pF, ninki huɗu na farko. Cire shi, ka shimfiɗa gilashi mai milimita 2 da ya rufe faɗin duka amma ya cika rabin tazarar kawai. Yawan gilashin da ke tsakani ɗaya ne da na ɗazu, amma lissafin ya koma na jere: 2 ÷ 7 a tara da 2 ÷ 1, wato 2.29, sai 266 ÷ 2.29 ya ba da 116 pF. Ko da εr ta kai dubu, wannan tsarin ba zai wuce ninki biyu na iska ba.

Akwai kuma tambayar ko batir na haɗe ko an cire shi. Idan yana haɗe lokacin da aka tura gilashin, boltej ba ya canzawa, caji ne ke ƙaruwa sau εr, haka ma makamashin da ke ajiye, ½CV², kuma daga batirin ƙarin ke fitowa. Idan an cire shi tukuna, caji ba shi da hanyar fita ko shiga, sai boltej ya ragu sau εr, makamashin ma ya ragu haka. Kada ka yi ƙoƙarin ganin wannan saukar boltej da mitar hannu. Mitar kanta razista ce ta wajen megaom 10, kuma a kan 'yan ɗaruruwan fikofarad za ta zuƙe cajin cikin 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, kafin allonta ya nuna komai. Sai da ilektiroskof ko ilektiromita ake ganinsa.

Hunturu da damina

Takarda tana shan danshin iska, kuma abin da take sha lambarsa 80 ce. Tarin takardar da aka auna a Janairu, lokacin da hunturu ya busar da komai a Zariya, zai ba da lamba ƙasa da wadda zai bayar a Agusta. Danshin yana kuma buɗe wa wuta 'yar hanya ta cikin takardar, wannan yoyon ya sa mita mai araha ta riƙa yawo ko ta nuna lambar da ta wuce ƙima. Don gani da ido, goge takardu 5 da dutsen guga marar tururi, ka bari su huce cikin leda a ɗaure, ka auna. Sannan ka bar su a buɗe kwana ɗaya a ɗaki ka sake aunawa. Duk rahoton da ba a rubuta masa wata da yanayin ranar ba, ba za a iya kwatanta shi da na wani ba.

Hunturu na da tasa matsalar. Leda da aka ja a kan tebur tana ɗaukar cajin gogayya, wanda ke rikita mita, wani lokaci ya lalata ta. Shi ya sa ake haɗa harsunan da waya bayan kowane canjin falle, kafin a maƙala mitar.

Ɗiga wa takarda man gyaɗa har ta jiƙe, ka goge rarar, ka auna. Lambar za ta hau, domin man, mai εr wajen 3, ya maye gurbin iskar da ke cikin ramukan takardar da wadda ke tsakaninta da foyil. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin kafasitocin takarda ake jiƙa su da mai ko kaki, ga kuma hana danshi shiga.

Ruwa kuwa, a bar shi. Mutane sukan sa ledar fiya wata a tsakanin farantan suna jiran ganin 80. Ruwan sha yana ɗauke da gishirin da ke sa wuta ta bi ta cikinsa, kuma a firikwensin da mitar hannu ke aiki, wannan bin wutar ya rinjayi komai. Ruwan sai ya zama tamkar faranti na uku, abin da mitar ke aunawa shi ne bangon ledar biyu a jere.

Idan babu mitar kafasita

Ayisi (IC), ɗan guntun lantarki mai ƙafa takwas, mai lamba 555 da batir mai bolt 9 sun isa. Ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa fozitif, ƙafa ta 1 zuwa negatif. Razista 10 kΩ tsakanin ƙafa ta 8 da ta 7, razista 330 kΩ tsakanin ta 7 da ta 6, a haɗa ta 6 da ta 2. Kafasitar da ka ƙera ta shiga tsakanin ƙafa ta 2 da negatif, kuma farantin sama, wanda hannu ke kusanta, shi ne zai je negatif. Sa 103 tsakanin ƙafa ta 5 da negatif. Ƙafa ta 3 ta bi ta razista 100 Ω da kafasita 10 µF (maikirofarad) zuwa ƙaramar sifika. Firikwensin ƙarar shi ne 1.44 ÷ ((R1 + 2R2) × C), wato da 1 nF za ka ji wajen 2,150 Hz, da gilashin milimita 4 kuma sama da 4,600 Hz. Manhajar waya mai auna firikwensin sauti za ta karanta maka. Kada ka dogara da lambobin razistocin. Sa 102 tukuna ka rubuta firikwensinta, sannan ka ninka 1 nF da wannan firikwensin ka raba da na kafasitarka. Ita ma 102 ɗin tana iya kaucewa da kashi 10 cikin ɗari ko fiye, amma idan kwatanta abu da abu kake yi, wannan kuskuren ba ya shiga. A aji wannan hanyar ta fi mita armashi, don kowa yana jin ƙarar tana yin ƙasa yayin da gilashi ke shiga.

Abin da wannan ke nufi a teburin gyara

Kondensar fankar sama takan kasance wajen 2.5 µF. Da za a yi ta da takardar A4, sai an shimfiɗa fiye da murabba'in mita 9, faɗin daɓen ƙaramin ɗaki. Masana'anta suna amfani da folifirofilin, wanda εr tasa ba ta ma kai ta takarda ba, amma kaurinsa 'yan kashi ne cikin dubu na milimita ɗaya. A kaurin milimita 0.006, ƙasa da murabba'in mita 1 ya isa, a naɗe shi ya shiga ɗan gwangwani. Abin da ya ba da damar sirantar da shi haka shi ne juriyarsa. Kowane dayilektirik yana da iyakar da filin lantarki zai fasa shi: busasshiyar iska tana fashewa a wajen bolt 3,000 a kowace milimita, fim ɗin roba da maika suna jure ninkin haka sau da yawa. Lambar bolt da aka rubuta a jikin kafasita daga nan ta fito. Wutar gida bolt 230 ce, amma boltej ɗin da ke kan kondensar fanka yayin aiki yakan wuce haka, shi ya sa take ɗauke da 400 ko 450, kuma ba a maye ta da mai ƙasa da haka ko da maikirofarad ɗinsu ɗaya.

Farantan irin wannan kondensar siririn ƙarfe ne da aka fesa a jikin fim ɗin. Duk lokacin da wuta ta yi tsalle ta huda wani wuri, ƙarfen da ke kewaye da hujin yana ƙonewa ya ware wurin, kafasitar ta ci gaba da aiki amma A ta ragu. Bayan shekaru sai 2.5 ta koma 1.5 ko ƙasa, fanka ta riƙa juyawa a kasalance ko sai an tura ta da sanda. A cire kondensar a auna kafin a zargi koyil.

Kafasitar ilektirolitik, mai siffar gwangwani da alamar negatif a gefe, dayilektirik ɗinta tsatsan alminiyum ne, εr wajen 9, mai kaurin da bai wuce nanomita ɗaya da rabi ba ga kowane bolt da aka ƙera ta dominsa. Wannan sirantar, tare da kartar foyil ɗin da ake yi don ƙara masa faɗi, ita ke ba da dubban maikirofarad. Juya mata ƙafa yana cinye tsatsan, ta yi zafi ta kumbura ko ta fashe. Zafi kuma yana busar da ruwan cikinta, ƙa'idar da aka saba ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Inbata ko caja da ke aiki a rufaffen shago a watan Afrilu, zafin waje yana kusantar digiri 40, mai lamba 105°C ta dace da ita, ba mai 85°C ba.

Na tangaran kuma iri biyu ne da bai kamata a musanya su ba. C0G, wadda ake kuma rubutawa NP0, lambarta 'yan gommai ce, amma zafi da boltej kusan ba sa motsa ta. X7R da Y5V na dangin bariyom titanet ne, suna ba da ƙarfin ajiya mai yawa a ɗan ƙaramin jiki, sai dai X7R tana iya kaucewa da kashi 15 cikin ɗari tsakanin digiri −55 da 125, Y5V kuwa tana iya rasa har kashi 82 a iyakar zafinta, kuma dukansu suna raguwa idan aka ɗora musu boltej na DC kusa da iyakarsu. Wurin tace wuta sun wadatar. Wurin da firikwensi ko lokaci ya dogara da kafasitar, kamar da'irar 555 da ake so ta tsaya a lamba ɗaya, C0G ko ta fim ake sawa.

Kafasitar foyil da takarda ta gwaji ce kawai, batir mai bolt 9 shi ne iyakarta, kada a kusantar da ita da soket. Wadda aka ciro daga inbata, talabijin ko caja tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an cire filogi. A sauke ta da razista 10 kΩ mai wat 5 da aka riƙe da kilif masu rufin roba, a ba ta daƙiƙa goma ko fiye gwargwadon girmanta, a tabbatar da ma'aunin bolt cewa ta sauka kafin a kai mata hannu ko a sa ta a ma'aunin kafasita. Haɗa ƙafafunta da sukundireba yana iya lalata ta, yana kuma watso tartsatsi a ido. Ta cikin obin na maikirowef tana aiki a sama da bolt 2,000, tana kisa, kuma razistan nan bai isa ya sauke ta ba. Wannan aikin wanda ya koyi gyaran obin ɗin ne.